Mai Shelar Tungar Marke

Duk wanda ya zauna Tungar Marke a shekarun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ya san muryar Mainasara, ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, yana ɗingishi da ƙafar hagu. Amma in ya buɗe baki a kwata, inda jirage ke tsayawa a bakin ruwa, har matan da ke daka a unguwar tudu suna jin abin da ya ce.

Ba a garin aka haife shi ba. A wani gungu aka haife shi, tsibiri a tsakiyar Kwara, inda ubansa ke su, uwarsa ke noman albasa. Yana ɗan shekara goma sha uku aka datse kogin a Kainji, ruwa ya taso ya cinye gungun har da kaburburan kakanninsa, aka kwaso su a jirgi aka zube su a gidajen da gwamnati ta gina a tudu. Shekara na zagayowa ƙugiya ta shige masa a agara, ciwon ya kwantar da shi wata shida. Da ya tashi, ƙafar ta kasa riƙe shi a kan kwalekwale in zai jefa birgi, ragar kamun kifi. Ɗan masunci ne, amma su ya ƙare masa tun bai fara ba.

Sai ya koma kiran fasinja a kwata. Nan aka gane abin da Allah ya ba shi. Ban da ƙarfin murya, yana jin Gunganci na uwarsa, ya kuma tsinci Kambarci a bakin manoman da ke kawo dawa kasuwa. Sannan ba ya ƙari a magana. In ya ce jirgin Wara saura mutum biyu ya tashi, to mutum biyun ne. Sauran masu kiran fasinja suna yi masa dariya a kan haka, amma tsofaffi ba sa shiga jirgi sai wanda Mainasara ya kira.

A lokacin kwata ita ce garin. Ranar Talata, ranar kasuwa, jirage kan fi ɗari, daga tungayen masunta na wannan gaɓa da na ƙetare. Ana sauke giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa, mata na feɗewa suna wankewa a nan bakin ruwa suna jerawa a kan wuta. Matarsa Zuliha tana cikin masu bandar kifin nan, tana da murhu uku na laka a ƙarƙashin rumfar zana. Manyan motoci na zuwa daga Kudu su ɗauki kifin. Matsala ɗaya ce, kuma kowa ya san ta: daga titi zuwa kwata mil ɗaya da rabi ne na jar laka. Da rani mota na iya gangarawa. Da damina sai ta tsaya a titi, a turo mata busasshen kifi a amalanke. Da yake kifin ya riga ya sha wuta, jinkirin ba ya ɓata shi.

Da aka ba da sabuwar jiha, Tungar Marke ma ta samu ƙaramar hukumarta. Mutane suka kwana biyu suna murna. Wata safiya wani siririn mutum mai tabarau ya zo kwata ya tsaya yana sauraron Mainasara har jirgi ya cika. Malam Habibu ne, tsohon malamin firamare da aka ɗauka jami'in yaɗa labarai.

"An ce kana jin yare uku," in ji shi.

"Huɗu ne in an sa zagin Nufawa," in ji Mainasara.

Malam Habibu ya yi murmushi. Ya ce hukuma na neman mai shela, wanda zai riƙa kai maganarta ga mutane, a gari da tungaye. Za a ba shi lasifika da keke da riga mai tambari. Mainasara ya ce zai yi shawara. Da ya gaya wa Zuliha, ta ci gaba da juya kifi a kan raga. Daga baya ta ce, "Can bakinka kake kira da shi. Nan bakin wani za ka ɗauka." Ya ce ai hukumar tasu ce yanzu, ba ta Sakkwato ba. Ya karɓi aikin.

Shelarsa ta farko ita ce ya fi so a duk rayuwarsa. Ciyaman, wani saurayin ɗan boko da ya yi aiki a Kaduna, ya ce a tara jama'a su faɗi da bakinsu abin da suke so a fara yi wa garin. Ba a taɓa tambayar mutanen Tungar Marke irin wannan ba. Ko ranar da aka kwaso su daga gungu ba wanda ya tambaye su. Mainasara ya zaga gari da keke, ya shiga jirgi ya bi tungaye. Ranar taron filin makaranta ya cika har kan katanga.

Aka yi ta magana. Wasu suka ce asibiti, wasu suka ce lantarki, tunda ga shi ruwansu ne ke ba ƙasa wuta su kuwa suna kwana da aci-balbal. Sai Ɗangana ya miƙe. Shi ne shugaban masu jirage, tare suka taso da Mainasara a gungu ɗaya, a jirgi ɗaya aka kwaso su.

"Ranka ya daɗe, ni abu guda na zo da shi," in ji Ɗangana. "Hanya. Daga titi zuwa ruwa. Ku yi muna wagga, sauran mu yi da kanmu."

Fili ya ɗauki guna-guni na yarda. Daga gefen mata aka tura Zuliha ta yi magana a madadin masu banda. Muryarta ba ta fita, sai aka ce mai shela ya riƙa maimaitawa. Haka Mainasara ya tsaya kusa da matarsa, tana faɗa a hankali yana ɗaukakawa da lasifika: a rufe musu rumfuna da kwano saboda gobara, a haƙa musu rijiya don su daina shan ruwan da ake wanke kifi a ciki. Mutane suka yi ta dariya suna cewa yau Mainasara ya bi umarnin gida a bainar jama'a. Shi ma ya yi dariya. Malam Habibu yana zaune yana rubuta komai.

Wata huɗu bayan haka Malam Habibu ya kira shi ofis ya karanta masa abin da aka yanke. Na farko, sabuwar kasuwa ta bulo da siminti a bakin titi, mai shago ɗari da ashirin. Na biyu, ƙofar gari. Na uku, shataletale. Na huɗu, masaukin baƙi. Duk cinikin kifi zai tashi daga kwata ya koma sabuwar kasuwa, a rushe rumfunan bakin ruwa. Ciyaman ya ce gari ba ya ci gaba in baƙo ya shigo bai ga alamar birni ba, kuma motocin Kudu za su huta da gangarawa cikin laka.

Mainasara ya jira ya ji ƙarshen takardar. Da Malam Habibu ya yi shiru, ya ce, "Malam, ina hanya?"

"Tana kashi na biyu. Da an gama kasuwa za a fara ta."

"Kifi daga ruwa shike fitowa, Malam. In an kai wuta can tudu, ɗanye za a turo shi mil da rabi."

"Na faɗa musu haka," in ji Malam Habibu. Ya cire tabarau ya goge. "Shi ya sa aka rubuta hanyar. Ga ta nan, dubi, layi na biyar. Kafin damina ta biyu an zuba mata kwalta. Da idona na ga ciyaman ya sa hannu."

Mainasara ya dubi layin da aka nuna masa. Bai iya karatun boko ba. Amma ya san Malam Habibu ya koyar da 'yarsa Lubabatu, kuma bai taɓa jin an ce ya yi ƙarya ba.

Kwana tara ya yi yana bin tungaye. A kowace tunga masunta suka saurare shi suna gyaran taru, ba su ɗago ba. Tambayarsu ɗaya ce: wa zai kai ɗanyen kifi tudu? Ya gaya musu zancen hanya da Hausa, ya sake da Gunganci. A wata tunga wani dattijo ya ajiye allurar ɗinkin taru ya ce, "Kai ka ga hanyar?"

"Ban gan ta ba. Wanda ya ga takardarta ya faɗa mini, na kuwa yarda da shi."

"Mu ba mu san shi ba."

"Kun san ni," in ji Mainasara. "In ba a yi ba, ku riƙe ni."

Wannan maganar ba ta cikin abin da aka aike shi ya faɗa. Daga bakinsa ta fito, kuma ita ce ta sa masunta suka yarda. Kafin ya dawo gida ta riga shi isa kwata.

Aka gama kasuwa da bazara. Aikinsa ne ya ba da sanarwar kwana uku kafin rusau, ya tsaya a tsakiyar rumfuna, taku goma daga murhun matarsa, ya faɗa sau uku. Zuliha ba ta jira katafila ba. Ta cire ragogin ƙarfenta, ta sa taɓarya ta fasa murhunan da hannunta. Ta ce ita ta gina su, ba baƙo ne zai taka su ba.

Sabuwar kasuwa ta yi kyau, wannan ba wanda ya musa. An shafa mata shuɗin fenti, shaguna da ƙofofin ƙarfe a jere. Sai dai an hana hura wuta a ciki don kada hayaƙi ya ɓata bango. Aka ware wa masu banda wani fili a baya, ba inuwa, ba ruwa. Ruwan wanke kifi sai an sayo a garwa. Duk da haka, da yake ƙasa a bushe take, amalanke na kawo kifi kafin hantsi, aka lallaɓa. Mainasara ya fara jin sanyi a ransa.

Sai ruwan sama ya sauka. Cikin mako biyu hanyar ta koma yadda ta saba. Kifin da aka kama da asuba ba ya isa kasuwa sai bayan azahar, cikinsa ya kumbura, ƙuda na bin sa. Wata Talata an aiki Mainasara ya yi shelar bikin buɗe shataletale. Ya gangara wajen kwata yana tura keke, sai ya tarar da amalanke uku sun nutse har gindi. Ɗangana na cikin laka zuwa gwiwa, shi da mutanensa, suna sauke manyan giwan ruwa suna jefarwa gefen hanya. Warin ya tare numfashi. Kamun dare biyu ne na jirage shida.

Mainasara ya jingine keke ya naɗe wando zai shiga ya taimaka. Ɗangana ya ɗaga masa hannu.

"Bari, kada rigar hukuma ta ɓaci," in ji shi. Bai ɗaga murya ba. "Ka ce mu riƙe ka. To ga mu nan, mun riƙe. Mi za ka yi muna?"

Mainasara ya sauke wandonsa ya ɗauki kekensa. Ya koma gari, ya yi shelar shataletale kamar yadda aka umarce shi.

Masunta suka fara sayar da kifi a ɓoye a bakin ruwa, wasu mata suka kafa murhu a bayan ciyayi. Hukuma ta tura ma'aikatan kasuwa suka ƙwace kifin suka kashe wutar, domin in an bar su sabuwar kasuwa za ta zama kango. Mainasara ne ya yi shelar gargaɗin. Masunta ba su yi faɗa da kowa ba. Mai jirgi yana da ruwa a gabansa ta ko'ina. Suka juya kan jiragensu, na kudu suka nufi Wara, na arewa suka nufi Yelwa. Motocin Kudu suka zo Talata biyu suka koma rabi, a ta uku suka bi kifin.

Gari bai mutu rana ɗaya ba. Makanikan injin jirgi ne suka fara tashi, sai masu sayar da mai, sai masu shayi da masu tuwo. Kambari suka ga ba mai sayen dawarsu, suka sauya kasuwa. Ƙungiyar masu jirage, wadda ita ke gyara katangar maƙabarta duk shekara, ita ke ɗaukar majinyaci zuwa Yelwa kyauta, ta watse don ba sauran masu zama. Ajin yaƙi da jahilci da ake yi bayan la'asar ya tsaya. Sahun Juma'a da ke fita har bakin hanya ya koma cikin masallaci, ya kuma bar wuri a baya.

Duk Litinin Mainasara na zuwa ofishin Malam Habibu ya tsaya a bakin ƙofa. Ba ya ma tambaya, kallo kawai yake yi. Malam Habibu ya ce an kai takardar Birnin Kebbi. Wata Litinin ya ce an turo masu awo. Gaskiya ne, sun zo, sun kafa turaku masu jan kai a gefen hanyar, yara suka tsige su aka yi wasa da su. Ana cikin haka soja suka rushe ƙananan hukumomi a ƙasa baki ɗaya. Ciyaman ya kwashe kayansa ya koma Kaduna. Aka turo kantoma.

Kantoma ya zo da nasa tsarin. Shi a wurinsa abin da ya fi muhimmanci shi ne tsaftar gari da kewaye sakatariya da katanga. Da Malam Habibu ya ɗauko masa zancen hanya, ya ce wane amfani hanya za ta yi zuwa kwatar da ba jirgi? Malam Habibu bai ɓoye wa Mainasara wannan amsar ba. Ya faɗa masa kansa a sunkuye.

"Malam, ka ce da idonka ka gani."

"Na gani, Mainasara. Har yanzu tana nan a rubuce."

A rani na gaba Mainasara ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya ɗauki lasifikar hukuma ba da izini ba, ya zaga gari yana kiran aikin gayya. Ya ce duk mai kwando ko tasa ya fito ranar Asabar a ɗebo marmara a cike ramukan hanyar. Ya ce wannan ba maganar hukuma ba ce, tasa ce. Da a ce shekara uku da suka wuce ne, da gari ya fito. Mutum goma sha huɗu suka zo, yawancinsu tsofaffin da ba su da inda za su. Zuliha ta dafa musu wake. Asabar uku suna ɗibar dutse a ka, shi ma yana ɗingishi da nasa kwandon. Sun cike abin da bai kai tsawon filin ƙwallo ba. Kantoma ya kira shi ya ja masa kunne a kan taɓa kayan gwamnati. Ruwan farko na damina ya kwashe marmarar ya zuba a kwari.

Bayan wannan ne Zuliha ta yi masa magana. Sun idar da sallar azahar, tana zaune a tsakar gida tana kankare tsatsa daga ragogin da suka shekara ba su ga wuta ba.

"Malam, zan tahi Wara wurin Lubabatu," in ji ta. "Mijinta ya samo mini wuri a bakin ruwa."

"Ki ƙara haƙuri. An ce za a yi zaɓe."

"Na yi haƙuri shekara huɗu. Hannuna ya saba da aiki, zama na kashe ni." Ta ci gaba da kankara. "Ban ce laifinka ne ba. Amma in na fita unguwa, matan da muka yi banda tare suna yin shiru in na iso. Na gaji da wanga shiru."

Bai hana ta ba. Shi ya ɗaukar mata ragogin har bakin titi ya sa ta a mota, don ranar ba jirgi ko ɗaya a kwata. Tana zuwa duk ƙarshen wata ta kwana biyu, ta share gida, ta bar masa kifi. Tufafinta sun koma warin hayaƙi, fuskarta ta ɗan cika. Ya ga haka, ya ji daɗi, ya kuma ji kunya.

Aka yi zaɓen, aka sami sabon ciyaman, ɗan kasuwa mai fara'a. A makonsa na biyu ya ce shi ba zai yi komai a kan kansa ba, a tara jama'a su faɗi abin da suke so a fara yi wa garin. Malam Habibu ne ya kawo wa Mainasara saƙon, bai iya haɗa ido da shi ba.

Mainasara ya zaga gari. Sannan ya roƙi wani mai kwalekwale ya kai shi tungaye. A tungar farko ya yi shela, maza suna gyaran taru, ba wanda ya ɗago. A ta biyu ma haka. Ba a zage shi ba, ba a kore shi ba. An amsa sallamarsa, an kawo masa ruwa ya sha. A tungar dattijon nan da ya taɓa tambayarsa ko ya ga hanyar, ya tarar ya rasu. Matarsa ta fito, tsohuwa tukuf, ta gaishe shi da Gunganci ta tambayi lafiyar Zuliha. Da ya ɗaga lasifika, ta dafa hannunsa ta ce, "Ɗana, jikata na barci, ba ta jin daɗi. Mun ji wagga magana, ka taɓa kawo ta." Ya sauke lasifikar. Sauran tungayen bai je ba.

Ranar taro an jera kujeru ɗari biyu a filin makaranta. In aka cire ma'aikatan hukuma da masu unguwanni, waɗanda suka zo ba su kai ashirin ba. Ciyaman ya duba hagu ya duba dama, fara'arsa ta ragu. Ya sa aka kira mai shela.

"Kai, ba ka yi shela ba ne?"

"Na yi, ranka ya daɗe."

"To ina mutane?"

"Sun faɗi abin da suke so tun shekara biyar. Malam Habibu ya rubuta. Ba su da wani sabo."

"Mene ne shi?"

"Hanya daga titi zuwa ruwa. Da a bar masu banda su koma kwata."

Ciyaman ya ce wannan magana ce mai kyau, za a duba. Amma ya kamata a gane an kashe dukiya mai yawa a kan kasuwa, ba zai yiwu a bar ta ba kowa ba. Abin da yake tunani shi ne a sake mata fenti a kawo 'yan kasuwar hatsi. Waɗanda ke kujerun gaba suka gyaɗa kai.

Washegari Mainasara ya wanke rigar hukuma ya ninke, ya goge lasifika, ya tura keken har ofishin Malam Habibu. Malam Habibu ya ce ya tsaya, saura shekaru kaɗan ya cancanci fansho. Mainasara ya ce ba fushi ya yi ba. Aikin mai shela a ji shi, shi kuwa an daina jin sa, hukuma ta nemi wanda bakinsa bai ƙone ba. Malam Habibu ya raka shi har bakin sabuwar katangar sakatariya, ya riƙe hannunsa ya roƙe shi ya yafe masa. Mainasara ya ce, "Allah ya yafe muna duka."

Ya nemi mai sayen gidansa, bai samu ba. A layinsu kaɗai gida biyar ne a rufe. Da kaka ta yi, ƙasa ta bushe, ya hau tsani da ƙafarsa mai ciwo ya ɓanɓare kwanon rufin ɗakuna biyu, falle ashirin da shida, da ƙofa da tagogi, don ya kafa ɗaki a filin da surukinsa ya ba su a Wara. Direban mota ya ce ba ya ɗaukar kwano. Sai Zuliha ta aiko cewa ta yi magana da wani mai jirgi, zai zo ranar Alhamis.

Ya tura kayan a amalanke har kwata. Ciyawa ta rufe inda rumfuna suke a da, shanun Fulani na kiwo a ciki. Jirgi ɗaya ne a bakin ruwa, Ɗangana na zaune a bayansa kusa da inji. Shekara huɗu ba su yi magana ba. Ɗangana ya sauko, suka riƙa ɗaukar kwanon falle-falle suna jerawa a cikin jirgi, ba wanda ya ce komai sai "riƙe nan" da "sauke". Da suka gama, Ɗangana ya tura jirgin da gora ya ja igiyar inji.

Sun yi nisa kafin ya ce, "Ƙafar fa?"

"Tana nan. Da sanyi ta fi damuna."

Ɗangana ya gyaɗa kai. Can kuma ya ce a kwatar Wara akwai masu kiran fasinja da yawa, samari ne, ba za su ba shi wuri ba. Mainasara ya ce ya sani, ba shi ya kawo shi ba.

A Wara ya yi sauran shekarunsa. Aikinsa faskaren itacen da Zuliha ke hura murhu da shi, in ya gaji ya zauna a kan turmi yana korar ƙuda daga kifi. Mutanen wurin sun san shi da mijin Zuliha mai banda, wani mutum mai ɗingishi da ba ya yawan magana. Masunta daga tungayen da ya taɓa bi sukan zo da kifi, su gaishe shi, ya amsa, su wuce wurin matarsa a yi ciniki. Sau ɗaya limamin unguwa ya ji labarin muryarsa ya roƙe shi ya riƙa kiran salla in ladan ba ya nan. Ya ce a yi masa uzuri, maƙogwaronsa ya lalace da hayaƙi. Ya rasu da damina, shekara shida bayan ƙaurarsa, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Malam Habibu ya ji labari a makare, ya zo ta'aziyya ranar bakwai. Zuliha ta shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗaki, ta kawo masa ruwa, ta tambaye shi mutanen gida. Ya ce lafiya lau, waɗanda suka rage.